Shawarar da Ta Kwantar da Baba

Mahaifina shi ne Ishaya, kafinta, wanda mutanen bakin Kasuwar Shanu suka fi sani da Baba Mai Bodi, domin sana'arsa ita ce haɗa bodin katako na manyan motocin da ke kai shanu kudu. Mahaifiyata ita ce Saratu, tana ɗinki a gida. Gwaggo Tabita yayar Baba ce, ciki ɗaya, tana zaune a wani ƙauye bayan Nangere, kuma tun da kakanninmu suka rasu maganarta ce ta ƙarshe a dangi. Alhaji Modu falken shanu ne, asalin iyayensa Borno, katangarmu ɗaya da shi, kuma Baba ya fi shekara ashirin yana yi wa motocinsa aiki. Ni ne Yohanna, ɗan fari, ni na yi jinyar. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwa a cikin ikilisiya, da duk wanda wata rana zai duba idon nasa ya ga ya yi rawaya.

Abin ya faru a daminar shekarar 1995. Na dawo daga bautar ƙasa ke nan, ban sami aiki ba tukuna, ina ɗan koyar da Hausa a makarantar ikilisiyarmu.

Ya kamata in faɗi wani abu a kan harshen Baba, domin zai dawo a gaba. Mu Karai-Karai ne, shi kuma a kasuwa ya koyi Hausa bayan ya girma. Har ya bar duniya bai taɓa furta ƙusa daidai ba. Kusa yake cewa. Ina yaro, in ya ce in miƙo masa kusa, sai in matso in tsaya a jikinsa, shi kuma ya ɗaga guduma kamar zai buga ni a katako. Da na je jami'a sai wasan ya zama gyara, na riƙa nuna masa cewa harafin yana da ƙugiya. Wata rana ya gaji, ya ce mini, "Malamin Hausa, motar da na buga wa kusa ta je Legas ta dawo. Taka mai ƙugiyar ina ta taɓa zuwa?"

A mako na farko ba mu ɗauki ciwon da nauyi ba. Kasala ce, da zazzaɓi da yamma, sai kuma ya ƙi duk abincin da aka sa wa mai. Na sayo masa ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a kemis, ya shanye, ba canji. Ya gaya mini a keɓe cewa fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wata dattijuwa ta zumuntar mata ta gaishe shi a ƙofar majami'a, ta tsaya tana kallonsa fiye da yadda gaisuwa take bukata. Da muka isa gida Mama ta zaunar da shi a haske, ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa. Farin idon ya rine. Ta ce shawara ce.

A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da wannan ciwo da kuma abin da mutane ke ba ka in kana cikin damuwa. A da ina ganin wannan abin sha'awa ne na harshe kawai. A gidanmu na ga yadda biyun suke tafiya tare, domin tun daga ranar da aka ambaci sunan ciwon, shawara ba ta daina shigowa ta ƙofarmu ba. Kuma duk wanda ya zo, Kirista ko Musulmi, Bangizime ko Bafulatani, ko da sun saɓa a kan magani, sun haɗu a kan abu ɗaya: mai shawara ba a yi masa allura, in aka yi masa ba ya kwana.

Na ce a kai shi asibiti. Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna ta ba ni labarin ƙanenta Audu, wanda ban taɓa jin an ambata ba sai sau ɗaya ko biyu. Tana da shekara goma sha biyu idonsa ya yi rawaya, aka ɗauke shi a jaki zuwa ɗakin shan magani, aka yi masa allura da hantsi, kafin la'asar ya cika. Ita ce ta riƙo takalmansa a hanyar komawa gida. Da ta gama sai ta ce in yi mata alkawari a gaban Allah cewa ba zan bari a soka wa Baba allura ba. Na duba fuskarta, na yi alkawarin. Na san ba daidai ba ne tun ina furta shi.

A mako na biyu Gwaggo Tabita ta iso da ƙunshin saiwar rawaya da wasu ɓawon itatuwa. Ta hana mai, ta hana nama, ta sa aka sayo rake dami guda. Safe da yamma Baba yana shan jiƙo kofi biyu, yana yamutsa fuska, yana cewa tun suna yara Tabita take neman hanyar da za ta ɗura masa abu mai ɗaci, sai yanzu ta samu. Ba zan zalunce ta ba: ta bar gonarta a tsakiyar noma ta zo, ita take wanke masa tufafi, kuma duk abin da ta ba shi ta ba shi ne da ƙauna. Har lokacin yana iya takawa zuwa wurin aikinsa ya zauna a benci, yana duba bodin wata motar Alhaji Modu da ya fara bai gama ba.

Fastonmu ya zo ya yi addu'a. Da na raka shi waje ya tambaye ni ko likita ya ga Baba. Na ce muna dogara ga Allah. Ya ce dogara abu ne mai kyau, amma ilimin likita ma ba daga wani wuri ya fito ba. Sai ya hau kekensa ya tafi. Ina gode masa da ya faɗa. Ina kuma da ƙorafi a kansa, domin a waje ya faɗa mini, ni da na riga na sani, bai koma ciki ya faɗa wa Mama da Gwaggo ba.

A nan ne nake so mai karatu ya lura da kyau, domin kuskurena ba irin na Gwaggo ba ne. Ita ta gaskata abin da take yi. Ni ban gaskata ba. Kowace safiya nakan durƙusa in yi addu'a mai tsawo, mai tsari, har wani lokaci nakan rubuta ta tukuna don kada in yi tuntuɓen kalma. Ina roƙon Ubangiji ya juya zuciyar Mama, ya aiko wani wanda za ta saurara. Ban taɓa tambayar kaina ko wanda aka aiko ɗin ba shi ne ke durƙushe a nan ba. Tsoron ɓacin ran mahaifiyata nake ji, da tsoron a ce ɗan boko ya raina manya, sai na sa wa wannan tsoro suna dogara ga Allah. Mako huɗu ina kiran abu da sunan da ba nasa ba, ni da nake gyara wa mutane harshe.

A farkon mako na uku zazzaɓin ya sauka kwana biyu. Muka yi murna, Mama ta miƙe a majami'a ta ba da shaida, Gwaggo ta ƙara yawan jiƙon. Daga nan sai ƙaiƙayi ya taso masa a duk jiki, har yana susa da tsinken tsintsiya. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga, cikinsa ya fara tasowa alhali ba ya cin abin kirki. Aka kawo labarin wani mai magani a wajen Ngojin. Mama ta sayar da awakinta biyu, aka karɓo wani garin magani da ake damawa a kunu. Ya sa shi amai da gudawa kwana uku. Da na je na gaya wa mai maganin, sai ya ce ciwon ne ke fita, a ci gaba.

A mako na huɗu hankalinsa ya fara gushewa. Yana barci da rana tsaka, in ya farka ya kira ni da sunan wansa da ya rasu tun ban zo duniya ba. In ya miƙa hannu sai yatsun su riƙa karkarwa. Wata safiya Alhaji Modu ya shigo dubiya, ya yi sallama sau biyu Baba bai amsa ba. Ya tsuguna ya kira shi Kafinta, yadda ya saba, Baba ya kalle shi kamar baƙo. Alhaji ya miƙe ya fuskanci Mama da Gwaggo.

"Maman Yohanna, ki gafarce ni," in ji shi. "Ni saniyata in ta kwanta, malamin dabbobi nake kira ya zo da allurarsa. Yanzu Kafinta bai kai saniya ba?"

Gwaggo ta ce saniya ba ta shawara. Ya ce shi dai motarsa tana ƙofa, kuma ba zai kashe ta ba. Lokacin ana wahalar man mota, daga jarkar da ya ɓoye don tafiyar kasuwa ya zuba. Mama ta yarda a tafi, amma ta riƙe hannuna a zaure ta tuna mini alkawarina.

Mun isa asibiti kafin ƙarfe takwas. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban. Baba yana kwance a kan benci, kansa a cinyar Mama, ni ina tsaye a layi ina waiwayensa. Sai bayan azahar aka kira mu. Likitan matashi ne, da gani ya gaji. Ya danna cikin Baba, ya duba idonsa, ya tambayi abin da aka ba shi, na lissafa masa duka ban ɓoye ba. Ya ce za a kwantar da shi, a sa masa ƙarin ruwa, a fara allura nan take. Sai na gaya masa maganar alkawarin. Bai yi dariya ba, bai kuma yi tsawa ba. Abin da ya ce ya zauna mini har yau:

"Shawara ba ciwo ɗaya ba ce, alama ce, hanta ce ke kuka. Kuma ba allura ke kashe masu ita ba. Ba a kawo mana su sai sun zo gargara, mu yi allura, su mutu, a koma gida a ce allura ce. Na gaba kuma sai a ƙara riƙe shi."

Ya ce ya ba ni minti goma, akwai mutane a bayana. Na fita na tsaya a gindin wata darbejiya. Na nemi irin addu'o'ina masu tsari, ko ɗaya ba ta zo ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, Ubangiji, ban sani ba, ka riƙe mu. Ban ji wata murya ba, ban ga wata alama ba. Sai dai na gane cewa ba zan yi abin a ɓoye ba. Na je wurin Mama na durƙusa, na ce mata zan karya alkawarin da na yi mata, kuma in akwai laifi a gaban Allah, nawa ne. Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita ta zauna a bakin ƙofar asibiti. Gwaggo ce ta yi magana, ta ce jinin ƙanenta yana kaina.

Aka yi allurar da misalin ƙarfe uku. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. La'asar ta yi, rana ta faɗi, gari ya waye, yana numfashi. Kwana biyu Mama tana kawo ruwan zafi ta ajiye ta koma waje, ba ta haɗa ido da ni. A rana ta uku da hantsi Baba ya buɗe ido, ya kira ni da sunana, ya tambaya ko an rufe katakon da ke wurin aiki, domin ya ji ƙamshin hadari. Sannan ya ce yana son kunu.

Da ya sami ƙarfin magana na gaya masa duk abin da ya faru, Mama tana zaune. Ya daɗe yana kallon robar da ke shiga hannunsa. Sai ya ce, "Saratu, na taɓa barin kusa ban buga ba, na ce wa direba ya je ya dogara ga Allah?" Ta ce bai taɓa ba. Ya ce to ta saki yaron nan daga alkawarin. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce ta sake ni ba, ba ta kuma ce ba ta sake ni ba.

Game da zaman asibiti, ga abin da mai zuwa ya kamata ya sani. Gado da likita za ka samu, sauran kuwa a takarda za a rubuta maka ka fita kemis: ruwan ƙari, sirinji, auduga, har safar hannu. Wata rana sau uku nake fita. A mako na farko akuyar da ta rage ta tafi, a na biyu keken ɗinkin Mama. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu, ba a taɓa yin ranar da kwano bai zo ba, har mai jinyar gadon kusa da mu, wani Bafulatani da ya kawo mahaifinsa, yana ci tare da ni. Akwai ma'aikaciyar jinya da take juya Baba da hannunta ba ta jira ni ba, akwai kuma wadda sai ka kira ta sau huɗu. Da aka ce ana bukatar jini, dangin da suka cika gidanmu da shawara suka ragu ƙwarai. Ni na ba da leda ɗaya, wani dattijon ikilisiya mai gyaran keke ya ba da ɗaya.

Likitan bai yaudare ni ba. Bayan mako guda ya kira ni gefe ya ce hantar ta riga ta lalace sosai, jiƙe-jiƙen da gudawar nan kuma sun ƙara mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Ya ce ba zai rantse cewa da mun zo da wuri Baba zai warke sarai ba, amma da ya sami abin da zai yi aiki da shi. Na tambaya ko mu tafi Maiduguri. Ya ce hanyar za ta fi ƙarfinsa.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya yi cikin hankalinsa. A cikinsu ya karɓi Jibin Ubangiji daga hannun fasto. Ya sa aka kira wani kafinta da suka yi shekara shida ba sa gaisawa saboda rigimar katako, suka yafi juna. Ya tsokani Gwaggo har ta yi dariya ba da sonta ba. Kowace safiya shi yake ja mana addu'a, da Hausarsa da ke mai da mace namiji, kuma na lura cewa ya daina roƙon warkewa. Godiya kawai yake yi: don ruwan sama, don Saratu, don motocin da ya haɗa ba wadda ta zubar da shanu a hanya. Abin ya dame ni, na ce masa bai kamata ya fid da rai ba. Ya ce bai fid da rai ba, ni in ci gaba da roƙo domin aikina ne, shi ya riga ya faɗa wa Ubangiji abin da yake so, kuma ba kurma yake yi wa magana ba.

Na yi ta juya wannan magana. Ni ina maimaita roƙona ne kamar mai tsoron an manta da takardarsa a ofis. Shi ya faɗa, ya bar ta a hannun wanda ya ji. Kuma shi ɗin ne dai bai taɓa barin ƙusa ba a buga ba. A wurinsa yin abin da ke hannunka da barin abin da ba ya hannunka ba su taɓa zama abu biyu ba. Ni ne na raba su, na bar nawa aikin ga Allah, na kuma ɗauki nasa ina ƙoƙarin yi da yawan kalmomi.

A rana ta goma sha huɗu a asibiti Baba ya yi aman jini. Daga nan ya riƙa nisa a hankali. Rana ta goma sha shida ta dace da ranar kasuwa, ana jin manyan motoci suna wucewa a titi. Da la'asar muna tsaye mu uku, ni da Mama da Alhaji Modu, sai Baba ya motsa leɓe ya ce, "Kusa." Ban yi tunani ba, na matso na tsaya a jikinsa kamar yadda nake yi ina yaro. Ya sake faɗa sau ɗaya. Bai ƙara magana ba, kafin rana ta faɗi ya huta.

Alhaji Modu ya ce bodin motar nan da bai gama ba ne ke ransa, ƙusa yake nema, ya kuma share hawaye da bakin rawaninsa. Mama ta ce Ubangijinsa ya gani, yake gaya mana ya yi kusa. Ni na ɗauka kirana ya yi. Na yi shekara huɗu ina koyon bambanta waɗannan haruffa biyu, ranar nan kuwa ban iya ba, ban kuma so in iya ba.

Ba mu sami abin da muka roƙa ba, ba zan ce mun samu ba. Mun roƙi ransa, aka ba mu kwana goma sha ɗaya. Na daɗe ina jin haushin wannan, har na yi wata guda ina zuwa sujada bakina a rufe. Yanzu ina ganin da ya tafi a mako na huɗu, yana kirana da sunan wani, da ban san yadda zan ɗauki abin ba.

Gwaggo Tabita ta koma ƙauye, har yau tana cewa allura ce. Ina kai mata gaisuwa, tana amsawa. Mama ba ta ta da maganar alkawarin ba har aka share makoki. Bayan wata uku 'yar wata maƙwabciyarmu ta tashi da rawayan ido, mata suka taru ana ta kawo saiwa. Ina zaure na ga Mama ta ɗauki mayafinta, ta shiga gidan, ta fito da yarinyar a bayanta, uwar tana biye. Da ta zo wucewa ta gabana ta tsaya.

"Audu bai yi wuni ba," in ji ta. "Babanka kwana goma sha biyar ya yi bayan allurar, na ƙirga. Na sake ka. Tashi ka nuna mana inda ake yankar kati."

Wanda ya ga wannan alama a gidansa, ya yi addu'a, ya kuma tafi asibiti a ranar, ba a mako na huɗu ba. Kada ya yi alkawarin da ya san ba daidai ba ne, ko da wanda ya fi ƙauna ne ya nema.

Abin da ya tafi: mako huɗu a gida, kwana goma sha shida a asibiti, awaki uku, keken ɗinki ɗaya, jini leda biyu, noman Gwaggo na shekara guda, bodin mota ɗaya da wani ya ƙarasa, da Ishaya kafinta, mai shekara hamsin da takwas.